MAI JEGON DA AKA YI WA AIKI: YAUSHE ZA TA KOMA TUƘIN MOTA?

  

Ya ke 'yar'uwa mai karatu, darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wata 'yar takarda da aka aiko daga ajin matan aure, ba suna ba sa hannu. Mai takardar ta ce ƙanwarta ce aka yi wa aiki aka ciro mata ɗa, yau kwana 18. Mijin yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Ga yara biyu 'yan firamare, ita ce mai kai su ita ce mai ɗauko su. Ga mota a ajiye a gida tana shan ƙura, kuɗin adaidaita sahu na safe da na rana kuwa ya fara yi mata nauyi. Ita dai a ranta ta warke. Mahaifiyarsu ta ce ko makullin motar kada ta taɓa sai ta yi arba'in. Wata maƙwabciya kuma ta ce ai ita mako biyu ta yi ta kama sitiyari, ba abin da ya same ta. To, wa ke da gaskiya?

Ki sani, Allah Ya yi miki albarka, babu wata rana guda da likitoci suka yanke wa dukkan mata, wadda in ta zo tuƙi ya halatta, in ba ta zo ba ya haramta. Abin da ke akwai shi ne sharuɗɗa. In sun cika, sai a tuƙa; in ɗaya ya faɗi, sai a dakata, ko da an yi kwana 60. Yawancin mata sharuɗɗan nan kan cika musu tsakanin mako 2 da mako 6. A wajena mahaifiyar ta fi maƙwabciyar kusa da daidai, amma ba don dalilin da take zato ba, kuma za mu zo kan wannan.

Malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an suranta shi tukuna. Saboda haka bari mu ga mene ne aikin nan da ake ce wa tiyatar haihuwa, ko si-es a bakin ma'aikatan asibiti.

Abin da ido ke gani shi ne layi guda a kwance a ƙasan mara, tsawonsa daga santimita 10 zuwa 20. Amma kafin hannun likita ya isa ga jariri, sai ya ratsa fata, ya ratsa kitse, sa'an nan ya yanka wata farar shimfiɗa mai tauri kamar jijiya wadda ita ce ke ɗaure da tsokokin ciki. Su tsokokin galibi ba a yanka su, ɗage su ake yi gefe da gefe kamar yadda ake buɗe labule. Daga nan sai tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, sai kuma ita mahaifa kanta, a yanka ƙasanta a ciro yaro da mabiyiya. Sai a dawo ana ɗinkewa daga ciki zuwa waje. Duka-duka aikin kan ɗauki wajen minti 40 zuwa 50. Wato ba ɗinki ɗaya ba ne, ɗinki ne a kan ɗinki, kuma guda ɗaya kaɗai kike iya gani.

A nan ne mata da yawa ke ruɗuwa. Fata kan haɗe da wuri. In zaren da aka yi ɗinkin waje da shi ba mai narkewa ba ne, akan cire shi bayan kwana 5 zuwa 7, mace ta duba ta ga wuri ya bushe, ta ce alhamdu lillahi an gama. Alhali haɗewa daban, ƙarfi daban. Rauni da ya yi mako 3 ƙarfinsa bai wuce wajen kashi 1 cikin 5 na ƙarfin lafiyayyar tsoka ba. Sai ya kai wata 3 kafin ya kusanci kashi 80 cikin 100, kuma tabo ba ya komawa daidai da yadda wurin yake tun asali. Ki ɗauke shi kamar ginin bulo da aka gama jiya: ga shi a tsaye, ga shafe ya yi kyau, amma magini ba zai yarda a ɗora masa dakin ba sai siminti ya kama.

Bari in ɗan ratse. Har yanzu akwai gidajen da ake kallon wadda aka yi wa aiki kamar raguwa, wai ta kasa naƙuda. Wannan magana ce ta jahilci, kuma tana da hannu a mas'alarmu, domin ita ke sa mace ta tashi kafin lokaci, ta ɗauki bokiti, ta kama sitiyari, don kada kishiya ko dangin miji su ce ta cika son jiki. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kusan haihuwa 3 ce kawai cikin 100 ake yi ta hanyar tiyata a Nijeriya, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da na masu bukatar aikin. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yin aikin kyauta ga mata marasa hali da ke bukatarsa. Wadda aka yi wa aiki ta tsira da ranta da na ɗanta babban rabo ta samu, ba abin kunya ba.

Mu koma kan kwanaki. Daga ina mako 2 da mako 6 suka fito? A Amurka likitoci da yawa kan ce wa mace ta yi kamar mako 2 ba ta tuƙi ba, muddin ta daina shan magunguna masu sa barci. A Ingila kuwa al'adar da aka daɗe a kai ita ce mako 6. Hukumar lafiyarsu, wato NHS, ta haɗa tuƙi da motsa jiki mai ƙarfi, da ɗaukar abin da ya fi jaririn nauyi, da saduwar aure, ta ce kada a koma musu sai mace ta ji za ta iya ba tare da ciwo ba, kuma hakan na iya kai wa mako 6 ko kusa da haka. Hukumar da ke ba da lasisin tuƙi a can ma ba ta yanke rana ba. Ta bar abin tsakanin mai tuƙi da likitansa, tare da ɗora wa mai tuƙi nauyin tabbatar da cewa yana iya sarrafa motarsa. Ki ga ke nan saɓanin ba na asali ba ne. Masu mako 2 sun faɗi mafi ƙarancin lokaci, masu mako 6 sun ɗauki hanyar ihtiyaɗi, illar hukuncin kuwa ɗaya ce.

Mece ce illar? Mutane da yawa suna zaton ana hana tuƙi ne don kada ɗinki ya farke. Farkewar ɗinki saboda zama a kujerar direba abu ne mai wuyar aukuwa. Babban abin tsoro shi ne birki.

Ki lura da abin da jikinki ke yi in yaro ya faɗo kan titi ba zato. Ƙafar dama za ta ɗaga daga totur, ta tsallaka, ta danne birki da dukkan ƙarfi. Tsokar da ke ɗaga cinya ta cikin ƙugu ta ratso, kusa da inda aka yi aiki. Sa'an nan ba a iya danna birki da ƙarfi sai ciki ya ɗaure ya tokare jiki, kamar yadda yake ɗaurewa in za ki yi tari ko atishawa. Ke kin san yadda tari yake a makon farko bayan aiki, har sai kin dafe wurin da hannu ko da matashi. To jikin ɗan Adam Allah Ya halicce shi da gudun abin da zai yi masa zafi. Tun kafin hankalinki ya yanke shawara, ƙafar ta riga ta yi ɗari-ɗari, ta taka a hankali ko ta yi jinkiri kaɗan. Ba ki yi niyya ba, ba ki ma sani ba.

Wata za ta ce, to jinkirin rabin sakan me zai yi? Ɗauko alƙalami mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan guda. Rabin sakan ke nan mita 8 da ɗoriya, tsawon ƙananan motoci biyu a jere, kaɗan ya rage. Ko a gudun kilomita 40, irin na cikin unguwa, sakan guda mita 11 ne, rabinsa ya fi tsawon motarki. Yanzu ki tuna ƙofar makarantar firamare a lokacin tashi: yara na kwasowa da gudu, mai adaidaita ya tsaya ba sigina, mai kura ya turo ruwa, akuya ta gilma, almajiri ya tsallaka yana kallon wani wajen. Tsakanin tsayawa lafiya da abin da ba a fata, sau da yawa mita biyu ne ko uku. Maƙwabciyar da ta ce ta tuƙa a mako biyu ba abin da ya same ta, gaskiya ta faɗa, amma abin da labarinta ya tabbatar shi ne ba wanda ya faɗo mata a ranar. Bai tabbatar da cewa da ya faɗo za ta iya tsayawa ba.

Bayan birki sai waiwaye. Yin ribas, da fitowa daga lungu zuwa babban titi, da duba mai babur da ya maƙale a gefen da madubi ba ya nunawa, duk sai an murɗa jiki daga ƙugu. Wadda murɗawa ke yi wa zafi za ta wadatu da madubi, ta fita a kan zato. Haka kuma mota ta bambanta da mota. Mai giyar hannu tana bukatar taka kuloci da ƙafar hagu, a cikin cunkoso kuwa sai a taka shi sau ɗari kafin a fita. Tsohuwar mota mai taurin sitiyari sai an sa ƙarfin ciki kafin a juya ta a tsaye. Mai irin wannan mota ta ƙara wa kanta kwanaki a kan mai motar da ke canza giya da kanta.

Sai magani, kuma wannan sharaɗi ne da ba ya karɓar uzuri. Daga cikin abin da akan ba mace bayan aiki akwai magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin su mofin, da fentazosin da ake yi a allura, da tiramadol, da kodin. Dukkansu suna sa gyangyaɗi, suna nauyaya hankali, suna jinkirta motsi. Muddin kina shan ɗaya daga cikinsu, babu tuƙi, ko kina jin kanki garau. Bal ma sharrinsu biyu ne, domin suna rufe zafin da zai gaya miki cewa ba ki warke ba. Haka nan maganin mura da na ƙaiƙayi irin su firiton, su ma suna sa barci. Farasitamol da ibuforofen ba su cikin wannan sahu, amma in sai kin sha su ne kike iya zama a mota, wannan ma alama ce. Kuma tun da zance ya zo, mai shayarwa ta kiyayi kodin da tiramadol ba tare da umurnin likita ba, saboda suna bi ta nono su kai ga jariri. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2017. A nan gida kuma an hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayu na 2018. Kada a aiki yaro kemis a ce a ba da "mai ƙarfi".

Sharaɗin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne barci. Sabon jariri kan sha nono sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, ba ruwansa da dare. Uwa sai ta yi makonni ba ta sami barcin awa uku a haɗe ba. A 1997 wasu masu bincike biyu a ƙasar Ostireliya, Dawson da Reid, sun gwada mutanen da aka hana barci da waɗanda aka ba giya. Suka tarar wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin hannunsa da idonsa ya ragu daidai da na wanda giyar da ke jininsa ta kai haddin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi. Wanda ya yi awa 24 kuwa ya ninka haka. Subhanallahi! Baiwar Allah da ko warin giya ba ta sani ba, sai ga ta a kan titi da hankalin mashayi, saboda goyo ya hana ta runtsawa. Wannan ya shafi har wadda ta haihu da kanta. Daren da ba ki yi barci ba, safiyarsa ba ta tuƙi ba ce, ko da ɗinki ya warke sarai.

Akwai kuma jini. A haihuwar da aka saba mace kan zubar da abin da bai wuce rabin lita ba, a tiyata kuwa yakan kusanci lita guda, ga shi matanmu da yawa da ƙarancin jini suke shiga ɗakin haihuwa. Alamarsa jiri in an miƙe, da ganin duhu-duhu, da bugun zuciya, da gajiya daga ɗan motsi. Mai wannan hali ta sha maganin ƙarin jinin da aka rubuta mata, ta ci hanta da ganye da wake, ta bar mota. Wasu kuma allurar kashin baya da aka yi musu kan bar musu ciwon kai mai tsanani a kwanakin farko, wanda ke ƙaruwa in an zauna ko an tsaya, ya lafa in an kwanta. Shi ma a gaya wa likita, yana da magani.

TO YAYA ZA KI GANE LOKACI YA YI?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fara da cikin gida. Kina iya tashi daga kan tabarma ba tare da dafa bango ba? Kina iya tari da dariya ba ki dafe mara ba? In kin koma salla, kina ruku'u da sujada da miƙewa yadda kika saba, ko har yanzu a zaune kike yi? Wadda shari'a ta yi wa rangwamen salla a zaune saboda ciwon ɗinki, ban ga ta inda za ta ce jikinta ya isa taka birki ba.

In waɗannan sun yi, sai ki je ga motar tana tsaye, injin a kashe. Ki shiga da kanki, ki gyara kujera, ki ɗaura bel. Ki ɗora ƙafa a totur, sai wani da ke gefenki ya tafa hannu a lokacin da ba ki zata ba, ke kuma ki danne birki iya ƙarfinki, kamar ɗanki ne a gaban motar. Ba taɓawa ba, dannawa. Ki maimaita sau biyar ko shida. Ki taka kuloci har ƙasa in akwai shi. Ki waiwaya ta kafaɗar dama har ki ga gilashin baya, ki waiwaya ta hagu. In kin ji suka, ko ja, ko kika kama kanki kina tausaya wa ƙafar, to amsa ta fito: a ƙara mako guda a sake gwadawa. Kada ki yi wa kanki ha'inci a wannan jarrabawa, ba mai duba takardar sai ke.

In kin ci, sai ki faɗa wa likita ko unguwar zoma ta asibiti a zuwanki na gaba, domin su suka san abin da suka gani a ciki. Wadda aikinta ya zo da matsala, ko aka ƙara mata jini, ko raunin ya yi ruwa, ko wannan ne aikinta na uku ko na huɗu, hukuncinta ba ɗaya ba ne da na wadda komai ya tafi sumul. Mai inshora irin babba kuma ta tambayi kamfaninta ko yana da wani sharaɗi game da tuƙi bayan tiyata. Fitar farko ta zama gajera, da rana, a hanyar da kika sani wadda ba cunkoso, tare da babba wanda zai iya karɓar motar, jariri kuwa a bar shi gida. Washegari ki saurari jikinki: in ciwo ya ƙaru ko jini ya dawo ja bayan ya fara dishewa, kin yi gaggawa.

Yanzu mu dawo ga maganar mahaifiya da arba'in ɗinta. Mako 6 kwana 42 ne, saboda haka lissafin iyayenmu da na likitocin Ingila sun yi kusan karo. Sai dai a rarrabe abu biyu da ake cakuɗawa. Jinin biƙi, wato nifasi, hukuncinsa na ibada ne. A mazhabarmu ta Malikiyya mafi tsawonsa kwana 60, kamar yadda ɗaliban Ahalari da Risala suka sani. Hanafawa da Hambalawa suka ce 40. In ya ɗauke kafin haka, mace ta yi wanka ta yi salla, ba sai ta jira arba'in ba. Wadda aka yi wa aiki ita ma jinin da ke zubo mata ta hanyarsa jinin biƙi ne. Amma tsarki daban, warkewar rauni daban. Mace na iya samun tsarki a kwana 20 alhali ɗinkinta ɗanye ne. Wata kuma ta kai arba'in, a yi mata kitso da lalle, amma har yanzu jiri na ɗibarta. Ganin tsarki ba lasisin tuƙi ba ne, cikar arba'in ma haka.

Kuma kada a ɗauka wannan mas'ala ce ta mace da jikinta kawai, wadda za ta ce na yafe. Titi haƙƙin jama'a ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 8 da ta yi a ƙasar Burunai a 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi wa rai ko dukiya in da sakacinsa. Hukuncin kisan kuskure kuwa sananne ne a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i: diyya, da kaffara wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Wadda ta san ƙafarta ba ta da saurin birki, ko ta san ta sha abin da ke sa barci, sa'an nan ta fita, da wane baki za ta ce ba ta yi sakaci ba? Kuɗin adaidaita na wata guda a ajiye shi a gefe ɗaya na ma'auni, wannan a ɗaya gefen.

Tanbihi game da shiga mota a matsayin fasinja, domin wannan ba makawa tun ranar sallama daga asibiti. Ki ɗaura bel, kada tsoron ɗinki ya hana ki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi tun farkon 2003, kuma mai jego ba ta fita daga dokar ba. Igiyar ƙasa ta kwanta a kan ƙasusuwan ƙugu, can ƙasa wajen cinya, ta sama ta ratsa tsakiyar ƙirji zuwa kafaɗa. In tana gugar wurin, ki ninke ɗan tawul ko zane mai laushi ki sa tsakani. Direba ya bi ramuka da tudun rage gudu a hankali. Jariri kuwa mafi aminci gare shi kujerarsa ta musamman, a ɗaure ta a kujerar baya, fuskarsa na kallon bayan mota, kuma ba a sa ta a gaba inda jakar iska take. Na san a gidajenmu rungume shi ake yi a cinyar kaka, amma in mota ta yi karo nauyinsa kan ninka ninki-ba-ninki, babu hannun da zai riƙe shi. Tuƙi da goyo a baya ko jariri a cinya, wannan ba ma abin tattaunawa ba ne.

Ga wadda ba ta da mota, kada ta ce darasin bai shafe ta ba. Adaidaita sahu a kan gargada ya fi ƙaramar mota jijjiga ciki, ga shi ba bel ba ƙofa. Hawa bayan babur ya fi shi muni, don sai an ɗaga ƙafa, an ɗaure ciki tun daga hawa har sauka. In lalura ta sa, a ɗauki shatar adaidaita, a ce da mai shi ya tafi sannu, a dafe wurin da matashi. Mai tuƙa babur da kanta kuwa ta fi mai mota bukatar jinkiri.

Sai yawon arba'in da komawa daga wankan gida, inda wata za ta taso daga Kano zuwa Abuja ko daga Katsina zuwa Maraɗi. A makonni 6 na farko bayan haihuwa jinin mace yana da saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, tiyata tana ƙara wannan haɗari, dogon zama wuri ɗaya yana ƙara shi kuma. Gudan jinin in ya ɓalle ya tafi huhu, yana kisa cikin ɗan lokaci. In tafiyar za ta jinkirtu, a jinkirta. In ba hali, a riƙa tsayawa bayan kowace awa ɗaya ko biyu ta sauko ta taka, ta riƙa motsa tafin ƙafa tana zaune, ta sha ruwa sosai, kuma ba ita ce a sitiyari ba.

Akwai alamomin da in an gan su zancen tuƙi ya ƙare, sai dai a ɗauke ki zuwa asibiti a take, ko tsakar dare ne: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya ko ƙirji na suka, jini ya ɓalle yana jiƙa ƙunzugu cikin awa guda ko yana fita da manyan gudaji, zazzaɓi, rauni ya yi ja, ya kumbura, ko yana fitar da mugunya ko ruwa mai wari, ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, domin hawan jinin ciki yana iya tasowa bayan haihuwa har ya kai ga jijjiga. Haki da kumburin ƙafafu biyu da kasa kwanciya rigingine su ma kada a ce gajiyar jego ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka rubuta cewa ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yawaita a tsakanin matan ƙasar Hausa. Masu wankan jego kuma su ji: ba a fyaɗa ganye da tafasasshen ruwa a kan ɗinki, ba a danna cikin wadda aka yi wa aiki. Ruwa mai ɗumi ya isa, a tsane wurin da tsabtataccen ƙyalle.

Kai kuma maigida, da kai nake yanzu. Sau da yawa ba son yawo ke fitar da mai jego ba, rashin wanda zai yi ne. Tun da aka sa ranar aiki, ko tun da aka fito daga ɗakin tiyata, ya kamata ka zauna ka tsara wa zai kai yara makaranta, wa zai yi cefane, wa zai mai da ita asibiti duba ɗinki, wa zai kai jariri allurar rigakafi ta mako 6. In kai ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, an amince da hutun kwana 14 ga uban jariri tun 2021, ka nema. In ɗan kasuwa ne, ragon suna da atamfofin fitar suna ba su fi wannan muhimmanci ba. Ka rage can ka ƙara nan. Kada ka ajiye mata makulli ka ce ai ga mota nan.

Ke kuma mai takarda, ga abin da za ki kai wa ƙanwarki. A kwana 18, ga shayarwar dare, ga hanyar da za ta bi ita ce ƙofar firamare a lokacin da ta fi cika, ban ga ta fita ba tukuna. Ku nemi maƙwabcin da 'ya'yansa ke makaranta ɗaya da nata, a haɗa yaran a raba kuɗin adaidaita. Ko ƙanin mijin ya riƙa kai su da motar, a zuba masa mai. In ta cika mako 4, ba ta shan komai mai sa barci, ba jiri, sai ta yi gwajin birkin nan kina tsaye, ke ce mai tafa hannu. In ta ci, ta gaya wa likitanta, ta fara da zagaya unguwa ranar Asabar da hantsi, kina gefenta. Kai yara makaranta ya zo daga baya.